Daga Falgore zuwa Baturiya: Wa zai tsare tushen ruwan Kano da Jigawa da Yobe?

A watan Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara dazuzzuka goma cikin jerin gandayen daji na ƙasa, matakin da zai ɗaga adadinsu daga bakwai zuwa 17. Biyu daga cikin goman suna Arewa maso Yamma kusa da juna: Dajin Falgore a kudancin Jihar Kano da Dausayin Baturiya a gabashin Jihar Jigawa. Bayanan da suka biyo bayan sanarwar sun fi karkata ga tsaro da yawon buɗe ido da kare namun daji. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa wuraren biyu suna kan kogi ɗaya ne, ɗaya a kansa, ɗaya a gindinsa, kuma a tsakaninsu akwai famfunan birnin Kano da shinkafar Kura da alkamar Haɗeja da kifin Nguru.

Kogin Kano yana tasowa ne daga tsaunukan da ke gangarowa daga tudun Jos, ya ratsa Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga. Daga nan ya haɗu da Kogin Challawa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. A can gabas ruwan yakan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda yake gamuwa da na Kogin Jama'are, wanda shi ma daga tudun Jos ya taso ya bi ta Jihar Bauchi. Abin da ya rage bayan wannan bazuwa shi ke fita ta Gashuwa da sunan Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, kafin ya kai Tafkin Chadi. A mafarin wannan tafiya ruwan sama yakan haura milimita 1,000 a shekara. A wajen Nguru da Gashuwa kuwa da ƙyar yake wuce 500. Ma'ana, mutanen ƙasa suna rayuwa ne da ruwan da ya sauka a kan tudun wasu.

Turawan mulkin mallaka sun keɓe Falgore a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Gandun Dajin Kogin Kano, kuma sunan kansa ya faɗi dalilin keɓewar. A 1969 aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 900, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa tsakiyarsa. Da gwamnatin Audu Bako ta gina Tiga, aka kammala ta a 1974 da nufin tara ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, sai dajin ya sami wani aiki da ya fi na da nauyi: ya zama matatar da ke tare laka da yashi kafin su shiga madatsar.

Yana da kyau a fayyace abin da daji ke yi wa kogi, domin akan yi wa batun ƙari a jawaban ranar dashen itatuwa. Itace ba ya haifar da ruwa, hasali ma shansa yake yi. Amfaninsa yana wajen rage wa ruwa gudu. Ƙasar kudancin Kano tana kan dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai, ƙasar da ke bisansa kuma ba ta da kauri. Idan ruwan Agusta ya sauka a kan ganye da ciyawa da busasshen ganyen da ya rufe ƙasa, yakan tsaya, ya tsuma a hankali, ya riƙa fitowa ta ƙoramu har bayan ɗaukewar damina. Idan kuwa ya sauka a kan tudun da aka sare aka ƙone aka tattake, sai ya kwaso ƙasar gaba ɗaya ya gangara da ita cikin sa'o'i kaɗan. Wannan jan ruwan da matafiyi ke gani daga kan gada a tsakiyar damina, gonar wani ce ko gefen wani tsauni ke tafiya. Inda ruwan ya fara tsayawa, a nan yake sauke kayansa, kuma wurin tsayawarsa na farko shi ne cikin Tiga.

Laka a cikin madatsa ba ta ƙara, ba ta ɗaukar hoto, shi ya sa ba ta shiga labarai. Amma duk kubik mita ɗaya na laka da ya kwanta ya cinye gurbin kubik mita ɗaya na ruwa, kuma illar tana fitowa ta fuska biyu. Da rani ruwan da za a saki wa manoman Kadawa da Bunkure da matatar Tamburawa yana raguwa. Da damina madatsar takan cika da wuri, a tilasta sakin ruwa a daidai lokacin da garuruwan ƙasa ke fama da nasu. Matatar ruwa ma tana biyan nata kuɗin, domin gwargwadon dauɗar ruwan da ta ɗebo, gwargwadon alif da sauran magungunan da za ta zuba. Yashe babbar madatsa irin Tiga kuwa aiki ne da kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin jiha, kuma ko an yashe, muddin tudun da ke sama tsirara yake, lakar za ta dawo.

Abubuwan da ke cin Falgore ba ɓoyayyu ba ne. Duk wanda ya bi hanyar Jos ya ga tulin itace da buhunan gawayi a bakin titi, kuma kasuwarsu ta ƙara buɗewa tun da gas ɗin girki da kananzir suka fi ƙarfin yawancin gidaje. Masu gawayi ba kowane itace suke so ba, kirya da marke da ire-irensu suke nema, itatuwa masu tauri da ke shekara da shekaru kafin su girma. Gonaki suna kutsawa daga gefe, shanu suna shiga da yawan da ya wuce abin da ciyawar za ta ɗauka, ana sassabe rassan maɗaci da kawo don dabbobi, sannan gobarar daji ta bi ta kan abin da ya rage da kaka. A wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ramukan ma'adinai suna ƙara nasu yashin cikin ƙoramu.

Sai kuma matsalar tsaro, wadda ta sauya yadda hukuma ke kallon dajin baki ɗaya. Shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka yi suna fakewa a ciki sun sa sunan Falgore ya koma na wurin tsoro, har rundunar soja ta mayar da shi filin atisaye a 2017. Babu mai musun cewa matafiya sun sami sauƙi. Amma soja an horar da shi ne ya kori ɗan bindiga, ba aikinsa ba ne ƙirga kututture ko hana noma a gaɓar ƙorama. Malamin daji, wanda wannan ne aikinsa, shi ne wanda aka fi mantawa da shi wajen rabon mota da albashi da kayan aiki. Daji yana iya zama lafiya lau ta fuskar tsaro alhali yana mutuwa ta fuskar ruwa.

A ɗaya ƙarshen kogin labarin ya sha bamban, ko da yake tushensa ɗaya. Dausayin Haɗeja da Nguru ya rayu ne da ambaliyar shekara-shekara. Ruwa ya zo a Agusta da Satumba ya mamaye fadama, masunta su kama kifi, manoma su yi shinkafa. Ya janye da kaka a shuka wake da alkama da kayan lambu a kan danshin da ya bari, makiyaya su sauko da shanu kan sabuwar ciyawa. Ƙasar wannan yanki, saɓanin ta kudancin Kano, yashi ce mai shan ruwa, don haka ambaliyar ce ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin ma. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai su ma a nan suke cin rani, abin da ya sa aka san Dagona a duniya, ya kuma sa aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008.

Tiga da madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja. Tun da aka gina su, tare da farin shekarun 1970 da 1980, filin da ambaliya ke rufewa ya ragu daga wajen hekta 250,000 zuwa ƙasa da 100,000 a yawancin shekarun da aka auna. Abin da ya fi raguwar ɓarna shi ne sauyin lokaci. Kogin da a da yake cika da damina ya bushe da rani, yanzu yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara saboda ruwan da ake saki don noman rani da shan birni. Wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacalla ke so. Ta toshe mashigai, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, ta ƙara samun wurin tsiro. Tsohon hannun Kogin Haɗeja da mashigin Burum Gana suka shaƙe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki da hanyoyi a can, alhali garuruwan da ke kan tsohuwar hanyarsa suna kallon busasshen kwari. Cikin kacallar kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su fito da safe su auka wa shinkafa da gero.

Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa idan an bar shi ya isa dausayin, ta noma da su da itacen girki, da abin da yake samarwa a Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, amfanin dausayin ya ninka na shirin sau da yawa. Binciken ya shahara a tsakanin masana harkar ruwa a duniya. A gida kuwa bai sauya yadda ake buɗe ƙofofin madatsun ba, kuma bai hana maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are dawowa duk bayan 'yan shekaru ba, duk da cewa Jama'are ne kogin da ya rage ba a datse ba, kuma shi ke kai yawancin ruwan da ke isa Gashuwa. Adawar da Yobe da Borno suka daɗe suna yi da aikin daga nan ta samo asali.

Wannan ne ya sa ɗaga darajar Baturiya zuwa gandun ƙasa, ko da an zuba mata ma'aikata da motoci, ba zai wadatar ba. Mai gadin dausayi yana iya hana farauta da saran itace a cikin iyakarsa, amma ba shi da iko a kan ruwan da ke raya wurin. Makullin yana Tiga da Challawa, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya. Gandayen ƙasa suna ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Filin da ke kewaye da su kuma, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, yana hannun gwamna. Hukumar ruwan sha ta jiha tana ɗiba, manomi yana ɗiba, kowa da ofishin da yake kai kuka. Kogi ɗaya ne, masu iko da shi sun fi biyar, kuma babu ɗayansu da za a tuhuma idan tudun Falgore ya zube cikin Tiga.

An taɓa ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu suka kafa asusun amana na kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. Tunani ne mai kyau, kuma ya riga na yawancin kwaruruwan ƙasar nan. Sai dai asusu irin wannan yana rayuwa ne da biyan alkawari a kai a kai, gwamnoni kuwa suna sauyawa, kowanne da abin da ya sa a gaba. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa, wanda zai iya ba irin wannan tsari ƙarfin doka, ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya cikin zargin cewa hanya ce ta ƙwace wa jihohi gaɓar kogunansu.

Kuɗi kuwa sun shigo, ba a ce ba su shigo ba. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, na kusan Dala miliyan 500, ya gyara magudanan noman rani na Kano da na kwarin Haɗeja. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa don yaƙar kacalla bayan ambaliyar da ta yi ta cin jihar. Duk waɗannan ayyuka ne masu amfani, amma dukkansu a tsakiya da gindin kogin suke. Ana kwashe laka a ƙasa, ana barin inda take fitowa a sama, an bar jaki ana dukan taiki. Shirin da ya fi kusa da gyara wannan shi ne ACReSAL, na Dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma an gina shi ne a kan tsara aiki bisa kwarin kogi maimakon iyakar jiha. Sai dai bashi ne mai wa'adi. Itacen da aka dasa a shekarar ƙarshe ta shiri yana buƙatar mai ba shi ruwa da mai kare shi daga awaki a shekarar da ta biyo baya, lokacin da ofishin shirin ya riga ya rufe.

Wasu biranen duniya sun warware wannan ta hanyar ɗora nauyin kula da tushen ruwa a kan masu shan ruwan. A 1997 birnin Niyok na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan tsaunukan Catskill, inda yawancin ruwansa ke fitowa: birnin ya riƙa sayen filaye da biyan manoma su kare ƙoramu, ya kauce wa gina matatar da za ta ci biliyoyin daloli. Misalin da ya fi kama da halin Kano shi ne na Nairobi, wadda ke samun kusan kashi 95 cikin 100 na ruwanta daga Kogin Tana. A 2015 aka kafa wani asusu da kamfanin ruwan birnin da na wutar lantarki da manyan masana'antu ke zuba kuɗi a ciki, ana taimaka wa ƙananan manoman kan tudu su yi kunyoyin tare ruwa, su dasa itatuwa, su ja da gonakinsu daga gaɓa. Ba sadaka kamfanonin suke yi ba, sun lissafa ne sun ga hana laka shiga ya fi cire ta araha.

Kano tana da waɗanda za su iya biya. Akwai masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, akwai kamfanonin lemo da na ruwan leda, akwai manyan injinan casar shinkafa da suka dogara da abin da Kura da Garun Malam ke nomawa. Abin da zai yi wuya shi ne magidancin da famfonsa ya shekara bai ɗiga ba, yana sayen jarka a hannun 'yan garuwa, a ce masa ya ƙara wani abu don dajin da bai taɓa gani ba. Don haka farawa da manyan masu ɗiba ya fi dacewa, kuma a ware kuɗin a asusun da ake bayyana shigarsa da fitarsa, kada ya narke cikin baitulmalin jiha.

Kenya ta kuma bar wani darasin na abin da bai kamata a kwaikwaya ba. Da gwamnatinta ta tashi ceto Dajin Mau, tushen koguna da dama, sai ta bi hanyar korar mazauna, har da 'yan ƙabilar Ogiek da suka gaji zama a ciki. A 2017 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke cewa an tauye musu haƙƙi. Dokar gandayen ƙasa ta Najeriya ta fi ta gandun jiha tsanani, ta hana kiwo da saran itace da su ba tare da izini ba. Idan aka aiwatar da ita da bakin bindiga a Falgore da Baturiya, inda Fulani makiyaya da masunta da masu saƙar kaba suka daɗe suna cin abinci, za a sami sabon rikici a yankin da bai rasa rikici ba. Makiyayin da aka toshe wa burtali da mashaya a waje, cikin daji zai koma ko da an hana shi. Matar da ba ta da abin girki sai itace, ita ma haka. Dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa sun san wanda ke sara da wanda ke saye, kuma tsarin da ya ba su rabo a cikin amfanin kariyar ya fi wanda ya mayar da su 'yan kallo damar ɗorewa.

Akwai matakan da ba sa jiran sabuwar doka. A auna zurfin Tiga da Challawa a kai a kai, a wallafa sakamakon, domin jama'a su san yawan gurbin da laka ta ci. A shata tazarar da ba a noma a gaɓar Kogin Kano da ƙoramun da ke zuba cikinsa, daga Doguwa har bakin madatsa, a biya masu gonakin da abin ya shafa. A haɗa kula da Falgore da na Dajin Lame-Burra da ke maƙwabtaka da shi a Bauchi, tunda mai saran da aka kora daga wannan, wancan yake tsallakawa. Sannan hukumar kogunan ta fitar da jadawalin sakin ruwa da zai kwaikwayi tsohuwar ɗabi'ar kogin, ambaliya mai ƙima a ƙarshen damina da ɗan lokacin bushewa da rani don karya kacalla, ta kuma sanar da shi tun da wuri ga manomin Auyo da masuncin Nguru da mai noman tattasai a gaɓar Komadugu, waɗanda a yanzu sukan san an buɗe ƙofar Tiga ne idan sun ga ruwa a gonarsu.